Tumbi da sankarar hanji: wai me ya haɗa kifi da kaska?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yayana shekararsa 48. Kusan shekara biyu yana ganin jini in ya zaga, duk gida muka ce basir ne. Babu jiƙon da bai sha ba, har na masu lasifika a kasuwa. Da ya fara ramewa aka kai shi asibiti, aka zura masa kyamara ta ƙasa, ashe sankarar babban hanji ce. An yi masa aiki, yanzu yana karɓar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar sallama likitan ya nuna cikina da biro, ya ce ni ma in rage wannan, kuma in dawo a duba ni. Na yi dariya a gabansa, amma daren ban runtsa ba. Batun a duba ni na gane, tunda uwa ɗaya uba ɗaya muke. Amma ina ruwan tumbi da sankara? Kitse ai kitse ne, yana kwance abinsa.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Alhaji Mai Goro: Allah ya tashi kafaɗunsa. Amma ku bar likitocin nan da neman magana. Mahaifina ƙato ne, sai an yi masa ɗinki na musamman, ya kuma yi shekara 91. Yanzu kome aka taɓa sai a ce sankara: suga sankara, maggi sankara, waya sankara, yau kuma an iso kan tumbi. Mutum ya sha wahala shekara da shekaru, Allah ya ɗan rufa masa asiri ya yi kumari, sai a ce ciwo ne.

Dakta Ummu Hanif: Baban Khalifa, sannu, Allah ya ba Yaya lafiya. Alhaji, Allah ya jiƙan Baba. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Maganar da ka yi cewa kitse yana kwance abinsa, haka likitoci ma suka ɗauka har kusan shekarun 1990: rumbu ne kawai, jiki ya tara, ranar yunwa ya ɗiba. Ɓera ne ya rushe wannan fahimta. A 1949 aka samu wasu ɓeraye a wani ɗakin bincike na Jackson da ke jihar Maine a Amurka, ba sa ƙoshi, suna ci har su ninka 'yan'uwansu uku. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a New York ya gano abin da suka rasa. Wani homon ne, wato sinadarin aike da ke bin jini, aka sa masa suna leftin. Abin da ya girgiza kowa shi ne inda ake ƙera shi: a cikin kitse. Kitse ne ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa rumbu ya cika, a daina ci.

Bayan shekara ɗaya, a 1995, aka gano na biyu, adifonektin. Shi halinsa a juye yake. Leftin yana ƙaruwa ne in kitse ya ƙaru, shi kuwa adifonektin raguwa yake. Kuma shi ne ɗan kirkin gidan: yana taimakon insulin wajen aikinsa, yana kwantar da kumburi, yana taka wa ƙwayoyin halitta birki kada su yi ta rabuwa ba dalili. To kun ga mai ƙiba ya yi asara biyu, an ƙara masa totur an kuma sassauta masa birki.

Yanzu ku kawo wannan kan hanji. Fatar cikin hanji tana sabunta kanta duk bayan kwanaki kaɗan, ƙwayoyinta kullum cikin rabuwa suke. Duk inda ake yawan kwafi dole a samu kuskure. A lafiyayyen jiki, ƙwayar da ta lalace ana umartarta ta mutu. In kuwa jini cike yake da saƙon a ci gaba da girma, sai ta tsira, ta zama ɗan tsiro. Wani tsiron, a hankali, cikin shekara goma ko fiye, shi ke rikiɗewa ya zama sankara.

Abba Ɗan Jami'a: Dakta, to in leftin ne ke cewa a daina ci, kuma masu ƙiba sun fi kowa yawansa, me ya sa ba sa dainawa?

Dakta Ummu Hanif: Kamar gidan da ke bakin titi ne, Abba. Baƙo ba ya iya barci saboda ƙarar motoci, masu gidan kuwa ko ji ba sa yi. Ƙwaƙwalwa ta saba da ihun leftin har ta toshe kunne. Shi ya sa da aka gwada yi wa masu ƙiba allurarsa ba a ga abin kirki ba, sai ga 'yan tsirarun da aka haifa babu shi kwata-kwata, irin wasu yara biyu 'yan asalin Pakistan da likitocin Cambridge suka gano a 1997.

Sarkin Fawan Zaure: Ni wannan ba sai an kai ni makaranta ba. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san kitse iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, akwai kuma farin nan da ke lulluɓe da kayan ciki, wanda ake naɗe hanta da shi ranar layya. Dakta, wanne ne mai laifin?

Dakta Ummu Hanif: Sarkin Fawa ka gama magana. Na cikin ne. Jinin da ya ratsa shi kai tsaye hanta yake zuwa, ya juye mata maiƙo da sinadaran kumburi. Daga nan jiki ya fara yi wa insulin taurin kai, sai gaɓar da ke ƙera shi, wato fankiriyas, ta ƙara yawansa. Mu mun san insulin da saukar da suga, amma shi ma mai cewa a girma ne, shi da wani ɗan'uwansa da ake kira IGF-1. Shi ya sa masu ciwon suga nau'i na biyu su ma haɗarinsu ya ɗan fi na sauran mutane. Ga kuma kumburin ɓoye. Tun 1993 aka nuna cewa kitsen mai ƙiba yana fitar da sinadarin kumburi na TNF, a 2003 kuma aka ga yadda sojojin jini ke yin dafifi a cikinsa kamar sun zo wurin rauni. Kumburin ba ya ciwo, ba ya sa zazzaɓi, yana nan dai shekara da shekaru kamar garwashi cikin toka.

Abba Ɗan Jami'a: Ni fa ban gamsu ba, a yi mini afuwa. Mai tumbi galibi shi ne mai mota, mai cin nama kullum, mai shan lemon kwalba, ba ya tafiyar ƙasa. Ta yaya aka san kitsen ne, ba waɗannan ba? Ƙila tumbin ɗan rakiya ne kawai. Kuma yawancin labarin leftin ɗin nan a ɓera da kwanon gwaji aka gani.

Dakta Ummu Hanif: Ba ka yi laifi ba, kuma rabin maganarka ina tare da kai. In aka zuba leftin kan ƙwayoyin sankarar hanji a kwanon gwaji, suna ƙara yaɗuwa. Amma da aka auna shi a jinin mutane, sakamakon ya rarrabu, wasu binciken sun ga alaƙa wasu ba su gani ba. Na adifonektin ya fi tsayuwa: a 2005 masu bincike na Harvard da suka daɗe suna bibiyar maza ma'aikatan lafiya sun ga cewa masu ƙarancinsa sun fi kamuwa. Duk da haka, in ka tambaye ni, ni na fi ba insulin da kumburi nauyi a kan leftin. Mutane suna son a nuna musu ɓarawo ɗaya, alhali gungu ne.

Amma batun ko ita ƙibar kanta tana da hannu, wannan an wuce wurin. Masu bincike suna cire tasirin taba, giya, nama da zama wuri ɗaya a lissafinsu, alaƙar ba ta ɓacewa. An kuma bi ta wata hanya: an duba mutanen da suka gaji ƙwayoyin halittar da ke sa ƙiba. Gado ba ruwansa da ko kana da mota. Su ma an ga haɗarinsu ya ƙaru. A 2016 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon a Faransa ta lissafa sankara iri 13 da ƙiba ke da hannu a cikinsu, ta babban hanji da dubura na ciki.

Alhaji Mai Goro: To Baba fa? Shekara 91.

Malam na Tudun Wada: Alhaji, ai ba a ce duk mai tumbi sai ya kamu ba. Wani yana tuƙi ba birki ya isa gida lafiya, wannan bai sa birki ya zama banza ba. Kowa da ajalinsa, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Kuma mu da aka koya wa raba ciki uku, ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, bai kamata sai Bature ya zo da ɓera za mu yarda ba.

Alhaji Mai Goro: Malam, na ji. Amma a faɗa mana lissafi, kada a tsorata mu a banza.

Dakta Ummu Hanif: Alhaji ya yi gaskiya, ga lissafi. Ana raba nauyi (a kilo) da tsawo sau tsawo (a mita), shi ne ma'aunin BMI. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2008 ya nuna cewa duk ƙarin maki 5 yana ƙara haɗarin sankarar babban hanji da kusan kashi 24 cikin 100 ga maza, kashi 9 ga mata. Kada adadin ya ruɗe ku. A Amurka, inda ciwon ya yi yawa, kusan mutum 4 cikin 100 ne ke kamuwa a tsawon rayuwa. Ƙarin kwata a kan 4 ya zama 5. Ba irin taba da huhu ba ne. Ga mutum ɗaya ƙarin kaɗan ne. Amma a 2022 mutum sama da biliyan ɗaya ne ke da ƙiba a duniya, kuma a shekarar mutum kusan miliyan 1.9 suka kamu da wannan sankara, sama da 900,000 suka rasu. Kaɗan in aka ninka shi da biliyan ba kaɗan ba ne.

Maman Ilham: Dakta, me ya sa namu na mata ya fi sauƙi? Mu da muka fi su jiki.

Dakta Ummu Hanif: Wurin ajiya ne ya bambanta, Maman Ilham. Mace kafin jinin al'ada ya ɗauke ta fi tarawa a ƙugu da cinya, ƙarƙashin fata, namiji kuwa a ciki. Ana kuma ganin homon ɗin mata na istirojin yana ɗan kare hanji. Amma kada mu saki jiki. Shi wannan kitsen yana ƙera istirojin da kansa, bayan al'ada ta ɗauke kuwa wannan ne ke ƙara haɗarin sankarar mahaifa da ta mama. Ko a hanjin ma, wani bincike kan ma'aikatan jinya mata a Amurka ya nuna ƙiba ta kusan ninka haɗarin kamuwa kafin shekara 50.

Sista Mai Dare: Tunda an zo kan mata bari in fasa ƙwai. Sha-ka-fashe. Yarinya za a yi mata aure, ƙawaye su ce ta cika rama, a je kemis a haɗo mata ƙwayoyi. Cikinsu akwai deksametason. Wallahi a wurin aiki daga fuska nake gane su: kumatu sun cika kamar wata, ciki ya fito, ƙafa kuwa siririya. Wannan maganin daidai kitsen cikin da Dakta ke magana yake tarawa, ya kuma hau da suga da hawan jini. Ban ce yana kawo sankarar hanji ba, kada a ɗauke ni a baibai. Cewa na yi muna sayen irin kitsen da wasu ke biyan kuɗi a rabu da shi.

Maman Ilham: Sista, ku fara da mazan. Su ne ke cewa ba sa son ƙashi.

Baban Khalifa: Maman Ilham, yau ba ranar wannan faɗan ba ce, a yi haƙuri.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Ni abin da ya ɗaure mini kai, a ƙauyenmu tsofaffi ba su san wannan ciwo ba. Hura, tuwon hatsi, miyar kuka, wake, rama, zogala. Ko dai akwai shi, likita ce babu?

Dakta Ummu Hanif: Duka biyun. Da yawa sun tafi da shi an ce basir ne ko sammu. Amma da gaske ne ya fi ƙaranci. Denis Burkitt, likitan tiyata da ya daɗe a Uganda, tun wajen 1971 yake cewa sirrin yana cikin dusa da ganye. An yi wani gwaji mai ban sha'awa da aka buga a 2015: baƙaƙen fata 20 na Pittsburgh a Amurka da mutanen karkara 20 na KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu suka yi musanyar abinci na mako biyu kacal. 'Yan Amurkan da suka koma kan masara da wake, kumburin fatar hanjinsu ya ragu. 'Yan karkarar da aka ba nama da maiƙo, nasu ya ƙaru. Ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanji suna cin dusar, su fitar da wani sinadari, butiret, wanda shi ne abincin fatar hanji. Mu kuwa mun surfe hatsi mun ba akuya dusar, mun koma farar shinkafa, fulawa da taliyar leda.

Sarkin Fawan Zaure: Na ga inda aka dosa. Kada wanda ya taɓa mini nama.

Abba Ɗan Jami'a: Sarki, ai tun 2015 aka taɓa. Hukumar Lyon ɗin nan ta sa sarrafaffen nama a rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara, jan nama a rukuni na biyu. Giram 50 kullum yana ƙara haɗarin ta hanji da kashi 18 cikin 100. Kuma cikin misalan da suka bayar har da busasshen naman Afirka ta Kudu, biltong, wanda ɗan'uwan kilishi ne.

Sarkin Fawan Zaure: Yaro, wa ke cin kilishi kullum a wannan tsadar? Tsaraba ce. Kai dai ka ce ba ka da kuɗin tsire.

Dakta Ummu Hanif: Sarki yana da hujja, kalmar kullum ita ce kan maganar. Sai dai ka rage ba mutane ɓangaren da ya ƙone baƙi ƙirin, hayaƙin maiƙon da ke ɗiga kan garwashi ba alheri ba ne.

Sista Mai Dare: Ni tsorona ɗaya da wannan muhawara. Siraran cikinmu za su karanta su ce alhamdulillahi, ba da mu ake ba. Baban Khalifa, Yaya mai jiki ne?

Baban Khalifa: Ko kusa. Dogo ne siriri, ni ne dai na kwaso jikin gidan.

Sista Mai Dare: To kun gani. Chadwick Boseman, ɗan wasan Amurkan nan, jikinsa a murɗe, wannan ciwon ya ɗauke shi a 2020 yana da shekara 43. Abin da ke kashe mutanenmu ba rashin sanin leftin ba ne, kalmar basir ce. Jini a bayan gida, ko ya koma baƙi, ko makonni ana gudawa da taurin ciki bi da bi, ko ka zaga ka ji kamar ba ka gama ba, ko rama da ƙarancin jini ba dalili, duk a ce basir. Basir ɗin ma akwai shi, shi ya fi yawa, amma mutum yana iya samun biyun tare. Kunyar a duba dubura ta sa muke karɓar mutane ciwo ya riga ya isa hanta.

Malam na Tudun Wada: Neman magani ba ya cikin abin kunya a shari'a. Lalura ce, kuma ana iya neman likita namiji ga namiji, mace ga mace in da hali.

Dakta Ummu Hanif: Baban Khalifa, dawo kanka. Shekararka nawa, nauyi da tsawo fa?

Baban Khalifa: Shekara 43, kilo 98, tsawo mita 1.72.

Dakta Ummu Hanif: BMI ɗinka 33. Amma ka ji da kyau: a wurinka, Yaya ya fi tumbi nauyi. Wanda ɗan'uwansa na jini ya kamu, haɗarinsa kusan ninki biyu ne. Ƙa'idar ita ce a fara duba shi a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da ɗan'uwan ya kamu, duk wanda ya riga zuwa. Naka 38 ke nan, ka makara da shekara biyar. Kai kyamarar za a yi maka, kolonoskofi, ba gwajin bayan gida kaɗai ba. In an ga tsiro a nan take ake cire shi, magana ta ƙare tun ba ta fara ba. Sauran ƙannenku maza da mata ma haka. Ku kuma bincika ko a dangi akwai wanda ya yi sankarar hanji ko ta mahaifa da ƙuruciya, domin akwai nau'in gado da ake kira Lynch. Ga wanda ba shi da tarihin gida, Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 a 2021, saboda yadda ciwon ke ƙaruwa a matasa.

Tumbin kuwa, ba sai ka koma kamar Yaya ba. Kitsen ciki yana saurin amsawa in aka fara motsi, ko da sikeli bai nuna sosai ba. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako. Shayi mai cokali huɗu da lemon kwalba su fara tafiya. Ka ari tef ɗin tela ka auna daidai saman cibiya kaɗan, ba inda kake ɗaura wando ba. Namiji daga santimita 94 an shiga gargaɗi, 102 ja ne. Mace 80 da 88.

Alhaji Mai Goro: Ni ba zan auna ba. Abin da ban sani ba ba ya hana ni barci.

Ɗan Maraɗi: Alhaji, tela ya riga ya sani, yana rubuce a littafinsa tun ɗinkin sallah.

Maman Ilham: Na mutu da dariya. Ni dai na auna yanzu, ba kuma zan faɗa ba.

Baban Khalifa: Na karɓo tef ɗin maman yara. Da na ja ciki 104, da ta ce in saki numfashi 109. Na kira ƙanwarmu da autanmu, ita ta yarda, shi ya ce sai ya yi tunani. Dakta, kyamarar nan ana sa mutum barci ne, ko ido biyu ake yi?

Dakta Ummu Hanif: Galibi ana ba da allurar da za ta sa ka gyangyaɗi, yawanci ba sa ma tuna an yi. Wahalar tana daren jajibiri, maganin wanke ciki. Ranar kada ka yi nisa da banɗaki, kuma ka je da wanda zai mayar da kai gida. Autan ka ba shi wannan aikin, in ya ga ka fito da ƙafarka zai rage tunani.